Bashin Kuka a Dutsen Samgak

Ƙarfe huɗu na asuba, Seoul tana minshari,
kakata Gyesun ta ɗaure takalmin roba,
ta rataya tocila a wuya.
Ni ke ɗaukar tabarma da gorar shayin sha'ir,
ina hamma, ina tuntuɓe, muna hawa.

A Samgak ba a yi wa Allah raɗa.
Tun daga gindin dutse kake jiyo su,
kowa ya rungumi bishiyarsa kamar zai tuge ta,
sau uku baki ɗaya: "Juyo! Juyo! Juyo!"
wato ya Ubangiji,
sannan kowa ya ɓalle da tasa,
mai bashin banki, mai ɗa a gadon asibiti,
mai mijin da giya ta cinye,
ruwan sama ne a kan kwano,
ba ka iya tsince ɗigo guda.

Can sama a haikalin Buddha
wani mai ƙwaryar molo na bugun ƙoƙon katako,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
karatunsa na gurnani daga ƙasan maƙoshi
har ka ji shi a tafin ƙafa.
A kwazazzabo kuwa tsohuwa Chunja mai kiran matattu
ta cashe da ganga da kuge,
tana kuka da muryar wani masunci da teku ta haɗiye.
In sun haɗu a hanya ba sa gaisawa,
kowa na yi wa kowa kallon ɓatacce.
Dutsen dai bai taɓa cewa a rage masa ba.

Ni kunya ce ke cina.
Shekarata sha huɗu, na san komai.
Wata asuba da ta gama, murya duk ta dishe,
na ce, "Kaka, shi Allahn naku kurma ne?"

Ba ta tsawata ba.
Ta busa shayi, ta kurɓa, ta dubi arewa.

"Ina da shekara bakwai muka ƙetare kogin Imjin da dare.
Soja a gaɓa, kwalekwale ba fitila.
Mai fito ya ce ko tari kada a yi.
Uwata ta toshe bakina da hannu ɗaya,
ɗayan ta danne Sokchol a ƙirji,
watansa biyar, ya fara mutsu-mutsu.
Muka isa lafiya. Ba wanda ya ji mu.
Da ta buɗe zane
shi ma ya yi shirun da aka ce a yi,
kuma bai sake fasawa ba.

Allah yana ji, yaro, ko motsin tururuwa.
Kukan ƙanena ne nake biya.
Ban gama ba."

Bara shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace mata harshe.
Baki ya karkace, kalma ta maƙale,
sai ido da ke bin agogo in huɗu ta yi.
Ni da rabona da coci tun ina makaranta,
na goya ta, ba ta fi buhun shinkafa ba,
na hau da ita har gaban bishiyarta
wadda ɓawonta ya yi sulɓi daidai tsayin goshinta.

Ƙoƙon katako na ƙwas-ƙwas a sama.
Kugen Chunja ya tashi a ƙasa.
Jama'a suka ja numfashi.

Sai ta matse wuyan hannuna da hannun da ya rage mata,
ɗaya,
biyu,
uku.

Na buɗe baki.
Abin da ya fito ba addu'a ba ce da na taɓa koya,
ba ta da kalma ko ɗaya,
siririya, mai kaifi, tana yankewa tana dawowa
kamar ta jariri.

Kaka ta kwantar da kunne a bayana
tana saurara ta cikin haƙarƙarina.